Rasuwar Matar Mai Fito a Gonar Gero

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ya fi baƙin cikin nauyi, ni Sharfaddeen Ja'afar, malamin tarihi a wata makarantar sakandare a Gwarzo, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a dandali ya kalli majigi, rasuwar tsohuwarmu, Matar Mai Fito. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta rasu a ƙarshen daminar nan a Dugabau ta ƙasar Kabo, a tsakiyar gonar gero, a rataye a jikin karare, tana korar tsuntsaye.

Ga wanda bai san ta ba, Marigayiya fim ce irin ta farkon zamani, waɗanda aka yi tun kafin a koya wa hoto magana. Baƙi da fari ce, faifai huɗu, kowanne a naɗe cikin gwangwaninsa. Ba mu san sunan da aka raɗa mata a gidansu ba, domin farkon faifanta na ɗaya ya gutsure tun kafin a haife ni. Ba mu san ƙasarsu ba, sai dai mutanen cikinta suna sa riguna masu kauri, numfashinsu yana fita kamar hayaƙi. Mutanen ƙauyukanmu ne suka sa mata Matar Mai Fito, sunan kuma ya bi ta. Na kwatanta labarinta ga waɗanda suka san harkar tsofaffin finafinai a Kano da Kaduna da Jos, babu wanda ya taɓa jin ɗuriyar wata irinta. Iya sanina, ita kaɗai ta rage a duniya. Yanzu ko ita babu.

Ta shigo ƙasarmu kafin a sami 'yancin kai, a cikin akwatin motar majigi, a tsakanin finafinan noman gyaɗa da na allurar lamba da na haƙa masai. Babu wanda ya san wanda ya saka ta a ciki. Baba Jalo na Kutama, wanda shi ne mai sharhi a motar, wato shi yake tsayawa gefen farin ƙyalle yana ba hotuna baki, shi ya gane darajarta. Yakan ajiye ta sai ƙarshe, ta zama ladan haƙuri. Wanda yake son ganin Matar Mai Fito, dole ya zauna ya gama jin darasin masai tukuna. Da aikin majigi ya mutu, aka watsar da kayansa kamar ba a taɓa moriyarsu ba, Baba Jalo ya ɗauke ta tare da wata tsohuwar na'ura ya kai ɗakinsa, ya ajiye kusa da randa inda sanyi yake.

Ina shaida cewa Marigayiya mai kamun kai ce. Duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa buɗe baki ba. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta yi gulma ba, ba ta yi waƙa ba, ba ta yi rawa ba. Labari ɗaya take ɗauke da shi. Wani mai fito ne ɗansa ya kwanta ciwo a lokacin da kogi ya cika ya batse. Ya ɗauki jirginsa ya tafi ƙetare neman magani, matarsa ta fito bakin ruwa da fitila ta tsaya. A faifai na biyu maƙwabta suka zo suna jan ta ta koma gida, ta ƙi. A na uku wasu masunta suka tsinci sandar tuƙinsa a cikin ciyayi, suka kawo suka ajiye a gabanta. Ba ta faɗi ba, ba ta yi birgima ba. Ta dubi sandar, ta ɗaga murfin fitila, ta gyara lagwani da ɗan yatsa, ta sake ɗaga hannu. Fuskarta ta cika ƙyallen, ba abin da ke motsi sai ƙwayar idonta. Na kalli finafinan bidiyo na yanzu da ake ta ihu da mari da zare ido, ban ga wanda ya faɗi rabin abin da wannan fuskar ta faɗa ba. Duk sautin da na taɓa ji daga wajenta na na'urar da ke jan ta ne, kar-kar-kar-kar, a hankali kamar keken ɗinki a gidan maƙwabta, sai kuma in faifai ya ƙare jelarsa ta riƙa bugun ƙarfe, fal-fal-fal, kamar mai neman a ba ta izinin ci gaba.

Dole in ambaci wadda wannan rashi ya fi shafa, domin ba ni ba ne. Kakata ce ta wajen uwa, Inna Hajaratu, wadda take zaune tare da mu a Gwarzo. Tana amarya a Dugabau motar majigi ta je garinsu. Ta zauna a sashen mata ta kalli faifai uku. Baba Jalo yana cikin ɗaura na huɗu hadari ya taso, iska ta yage ƙyallen, kowa ya kwashi tabarmarsa ya ruga. Kafin gari ya waye mota ta wuce wani ƙauyen, ba ta kuma sake komawa Dugabau ba. Bayan an yi kaka biyu mijin Inna na fari ya tafi cin rani Kurmi, ya bar ta da goyon Kawu Ya'u. Bai dawo ba, ba a kuma sami wanda ya ga gawarsa ba. Da jira ya yi tsawo alƙali ya raba auren, ta auri kakana, ta haifi mahaifiyata. Ban taɓa jin ta yi zancen mutumin nan ba. Amma tun ina ƙarami, duk tsohon da ya shigo gidanmu gaisuwa, bayan an gama tambayar gida da gona da ruwa, sai ta ce, "Ni kuwa ka ga majigin nan na matar da ke riƙe da fitila? Ya dawo kuwa?" Wani ya ce ya dawo. Wani ya ce ruwa ya cinye shi. Wani ya ce ai a ƙarshe gyaɗa suka noma. Dubban mutane sun kalli faifai na huɗu a ƙasar nan, ba a sami mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba. Haka muke riƙe abin da muka gani da idonmu.

Da na gama kwaleji na dawo gida, na shiga bin tsofaffin finafinai marasa magana duk inda na ji ƙyas, a ɗakunan ajiyar makarantu da wajen masu sayen tsohon ƙarfe. A haka na ji labarin Baba Jalo. Na aro ƙaramin janareta na ɗaura a bayan keke na tafi Kutama. Tsohon nan ya rufe ƙofar zaurensa da tabarma da rana tsaka, ya haska bango, ya miƙe tsaye duk da ciwon gwiwa, ya yi mini sharhi da muryar mace da ta namiji da ta jariri, babu haƙori ko ɗaya a bakinsa. Muna dab da ƙarshen faifai na uku ƙwan na'urar ya yi ɗas, ya mutu.

Na ce, "Baba, to ya dawo?"

Ya ce, "Kai Malam, a aikinmu ba a faɗin ƙarshe. Wanda ya faɗi ƙarshe ya kori 'yan kallo. Je ka nemo ƙwai ka gani da idonka."

Ya ba ni ita da na'urar kyauta, ya ce 'ya'yansa ba su san abin da suke da shi ba. Da rani ya zagayo Allah ya yi masa rasuwa, ya tafi da ƙarshen a bakinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ranar da na shigo da gwangwanayen gida, Inna tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Ga maigidan ƙarya nan, wanda ko goro ba ya kawo wa matarsa. Yau kuma wane tarkacen ka kwaso?"

Na ce, "Uwargida, yau na kawo miki abin da ya fi goro. Matar nan ce mai fitila."

Mazarin ya faɗi daga hannunta ya gangara, ba ta bi shi ba. Ta ce, "Ka ga ƙarshen?"

"Ban gani ba, ƙwai ya mutu."

"To ka ji ni da kyau. Kada ka kuskura ka leƙa sai ina wurin. In ka riga ni gani, na sake ka."

Na yi mata alkawari. Shi ya sa gwangwani na huɗu bai taɓa buɗuwa a hannuna ba.

Daga nan jinyar Marigayiya ta fara, ko da yake a lokacin ban san jinya ce ba. Dama tana da ɗan ciwon tsufa, wani warin tsami da tsofaffin finafinai suke yi, wanda maganinsa sanyi da inuwa da rashin taɓawa. Da an bar ta a haka, da ta binne mu duka. Ƙwan ne ya zama aiki. Na zaga kasuwannin Kano, kowa ya juya mataccen a hannunsa ya ce ba a yin irinsa yanzu. Zamani ne na tsuke bakin aljihu, albashi sai ya ga dama yake zuwa, kananzir ma sai da layi, mutum ya ce yana neman ƙwan majigi sai a dube shi kamar mai taɓin hankali. Daga baya wani ɗan kasuwa da ke zuwa Ikko ya karɓi mataccen ya ce zai duba mini. Na zauna jira, Inna tana jira a bayana.

Ana cikin haka aka ƙaddamar da Shari'a. Ina so a rubuta wannan da kyau, domin na san masu juya magana. Ina cikin waɗanda suka tafi Kano suka yi kabbara har muryarsu ta dishe, kuma har gobe ban yi nadama ba. Da aka rufe gidajen kallon da yaranmu suke kwana a ciki suna shan hayaƙi, ni na fara cewa madalla. Saboda haka da dattawan unguwarmu suka kafa kwamiti a kan harkar kallo, ban jira an kira ni ba, na kai kaina gaban shugabansu, Malam Jibirin.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da wata tsohuwar fim da nake so in nuna wa kakata da tsofaffin unguwa a cikin gida. Babu waƙa, babu rawa, ko magana babu. Matar da ke ciki a rufe take daga wuya har ƙafa, har da ɗankwali. In ƙwan ya zo ku za ku fara gani, ku yanke hukunci, duk abin da kuka ce na bi."

Ya ce, "Malam Sharfaddeen, fim ai fim ne."

"To kun haramta ke nan?"

"Ba mu ce ba."

"Kun halatta?"

"Shi ma ba mu ce ba. A bari sai an zauna. Amma kafin nan ka ɗan kawar da gwangwanayen nan daga gari, kada yara masu zafin kai su ji labari su yi maka aika-aika."

Shari'ar da na karanta ba ta yarda alƙali ya yi hukunci a kan abin da bai bincika ba, ba ta kuma yarda ya rataye mai ƙara a iska don gudun ciwon kai ba. Da sun kalla sun ce haramun ce, suka kawo hujja, da na haɗiye baƙin cikina na yi biyayya. Ba su yi ba. An zauna suna, an zauna walima, an zauna rabon taki, an zauna a kan akuyar da ta ci shukar wani. A kan Matar Mai Fito ba a zauna ba har ta mutu.

Na bi shawarar manya. Na ɗauki gwangwanaye huɗun na kai Dugabau wajen Kawu Ya'u, ɗan Inna na fari, domin yana da ɗakin ajiyar iri mai sanyi da duhu.

Ya ɗaga ɗaya ya girgiza a kunne ya ce, "Ana ci?"

Na ce, "Ba a ci, Kawu."

"Ana sayarwa?"

"Ba a sayarwa. Amana ce. Don Allah kada a buɗe, kada rana ta gan su, kada ruwa ya taɓa su."

Ya ce, "Ba komai, ajiye can bayan buhun wake."

Ƙwan ya iso bayan gero ya ƙosa. Na naɗe shi a auduga na sa a aljihun gaba, na gaya wa Inna ta sa a wanke mata zanen fita, na hau acaɓa da sassafe na nufi Dugabau. A ƙofar gida na tarar da matar Kawu, Fatsuma, tana zuba wa kaji ruwa a wani faffaɗan murfi. Na tsaya ina kallon murfin. Na san tsatsar da ke gefensa kamar yadda na san tabon da ke hannuna.

Ta ce, "Lale da Malam! Kawun naka yana gona, kayanka ma suna can. Gwangwanayen dai na riƙe, ka yi mini afuwa, ba a samun masu murfi irinsu yanzu."

Ga baƙon da bai san al'adarmu ba, idan gero ya fara ƙosawa tsuntsayen nan jan-baki sukan sauko masa kamar hadari. Manoman yankinmu sukan zare zaren matattun kaset su ja shi daga kara zuwa kara, ƙyallinsa da kukansa a iska su tsorata tsuntsu. Bara zare ya yi araha, domin duk wanda ya tuba da jin kiɗa ya fito da kaset ɗinsa ya bayar. Bana an nema an rasa.

Na ji ta kafin in gan ta. Fir-fir-fir-fir. Baiwar Allah da ta ƙare rayuwarta ba ta ɗaga murya ba, an sa ta tana ihu a daji. Da na shiga gonar na ga an ja ta daga wannan iyaka zuwa waccan, an gitta, an sake gittawa, kamar saƙar gizo-gizo. Duk faifai huɗun. Ruwan ƙarshen damina ya dake ta, rana ta gasa ta, ruwa ya sake dukanta. Na kama wani sashe na ɗaga sama, na hango gajimare ta cikinsa tas kamar ta gilashi. Na shafa wani sashen, hoton ya biyo yatsana baƙi ƙirin kamar dauɗar jiki. Wataƙila fuskar matar ce na murtsuke, wataƙila kogin ne.

Kawu ya taso daga gindin ɗorawa yana fara'a. Ya ce, "A'a, Malam Boko, saukar yaushe? Kai, wannan zaren naka ya fi na kaset nesa ba kusa ba. Ga faɗi, ga ƙarfi, iska ba ta tsinka shi. In kana da wani ka ƙaro mini."

Na ce, "Kawu, amana na ba ka."

Ya ce, "Ai amanar na duba. Na je ɗaukar wake na ji wari, na buɗe na ji abu ya yi tsami kamar furar jiya. Na ce wannan in ba a shanya shi ba ai ruɓewa zai yi. To tunda shanya za a yi, ga gero yana neman mai gadi. Ba komai, da an yi girbi zan naɗe maka abinka tsaf."

"Kawu, ka san wadda take jiran wannan?"

"Wai majigin nan da Inna take ta surutu a kai? Rabu da ita, tsufa ne kawai."

Kawuna ne, yayan mahaifiyata, ba zan rubuta abin da ya zo bakina ba. Na dai dube shi, mutumin da aka goya a bayan matar da ta yi ta fita bakin hanya tana duban masu dawowa daga Kurmi, na ga ko sau ɗaya bai taɓa tambayar kansa dalilin surutun ba. Na juya kaina don kada ya ga idona. A nan na ga abin da ya ƙarasa ni. Jan-baki sun jeru a kan zaren, sun ƙoshi da geron Kawu, suna lilo suna gyaran fiffike. Ko aikin da aka kashe ta dominsa bai yiwu ba.

Masu tambayar abin da ya yi ajalinta, ga amsa. Rana da ruwa sun yi nasu, amma cutar da ta kwantar da ita tsohuwar cutar garinmu ce, sunanta "ba komai". Ita ce ta bar gara ta cinye littattafan makarantar da nake koyarwa, ana wucewa ana jin ƙarar cinsu. Ita ce ta bar rufin ɗakin shan magani yana zuba a kan gadon masu haihuwa damina bayan damina. Ba mugunta ba ce, da mugunta ce da an san da wanda za a yi faɗa. Kawu ba mugu ba ne, Malam Jibirin ba mugu ba ne. Mutanen kirki ne masu salla a sahun gaba, waɗanda ba sa tsayawa su tambayi mene ne wannan kafin su sa hannu, ko kafin su janye hannu. Abu ya ƙetare teku, ya tsira daga yaƙe-yaƙen ƙasarsu, ya tsira daga bayan motar majigi da ɗakin tsoho mai yoyo, ya zo ya mutu a hannun mutanen kirki.

Marigayiya ta rasu ta bar gwangwanaye huɗu. Ɗaya yana ɗauke da daddawa, ɗaya da garin kuka, ɗaya an ba maƙwabciya aro, na huɗun kuma, wanda na yi wa alkawarin ba zan buɗe ba, kaji suna shan ruwa a murfinsa. Ta bar abokin zamanta, tsohon majigi, wanda ya yi jinyar makanta ya warke a makon da ba shi da abin gani. Ta bar ƙanne biyu a ɗakina, wata guntuwar fim ta barkwanci da ba ta da kai ba ta da gindi, da wata ta dawakai masu jan keke wadda tsami ya riga ya ci rabinta. Ta bar ni. Ta bar Inna Hajaratu.

Na yini ina kwance ta daga jikin karare ina zubawa a buhun taki. A iyakar gona ta gabas, inda Kawu ya nannaɗe bakin zaren a jikin turke ya ɗaure tamau, na sami wani guntu da rana ba ta kai gare shi ba. Bai fi tsawon tafin hannuna ba. Hoton da ke ciki ban taɓa ganinsa a faifai ukun da na kalla ba, don haka na san daga na huɗu yake.

Da na koma Gwarzo na tarar da Inna a zaune a ƙofar ɗaki da wankakken zanenta, ta sa kwalli. Ta dubi buhun, ta dubi fuskata. Na gaya mata abin da ya faru ban rage ba, sai maganar tsufa da na bar wa cikina. Sannan na kwance gilashin gaban majigi, wanda yake ƙara wa abu girma, na ɗora a kan guntun, na juya ta ta fuskanci hasken tsakar gida.

Ta daɗe tana gyara ido. Can ta ce, "Ga ta nan. Ja'ira, ko furfura ba ta yi ba. Har yanzu hannun a sama yake?"

Na ce, "A sama yake, Inna."

"Wannan baƙin abin na gefe fa?"

"Hancin jirgi ne, yana shigowa."

"Wa ke ciki?"

"A nan zaren ya yanke."

Ta ture gilashin gefe. Sannan ta karɓe guntun daga hannuna, ta kwance bakin zanenta inda take ƙulle goro, ta sa shi ta ƙulle. Na ce a ba ni in adana a inuwa. Ta ce, "Kun adana na gani." Daga nan ta nuna aljihuna ta ce, "Ƙwan nan naka yana haske kuwa?"

Na ce, "Sabo ne fil."

Ta ce, "To kada ka mayar."

Jana'iza za ta kasance kamar haka, in Allah ya kai mu. Ranar Asabar da hantsi za a binne abin da ke cikin buhu a gindin ɗorawar da ke gonar Kawu Ya'u a Dugabau. Babu wanka, babu salla, na san iyakata, buhun takin shi ne likkafaninta. Ana roƙon masu haƙa su zurfafa ramin sosai, domin Kawu ya riga ya aiko yana tambaya ko zan bar masa ragowar saboda baɗi.

Ba a bukatar hatsi ko goro. Wanda yake son yi wa Marigayiya alheri, ya koma gida ya duba ƙarƙashin gadon kakansa da bayan rumbu. In ya ga wani faffaɗan gwangwani mai tsatsa, kada ya buɗe, kada ya shanya, kada ya gwada ko ana ci. Ya aiko a kira ni, ko ina aji zan fito. Masu zuwa ta'aziyya suna iya cewa sai haƙuri, za a amsa musu. Wanda ya ce ba komai, takalmansa suna bakin ƙofa.

Zaman makoki a zaurenmu ne a Gwarzo, bayan sallar La'asar a ranar. Za a rufe ƙofa da tabarma yadda Baba Jalo yake yi, mata a ciki, maza daga baya. Zan ɗaura sabon ƙwan, in tada janareta, in kunna majigi babu komai a cikinsa, ya haska farin bango na tsawon faifai guda. Ana gayyatar Malam Jibirin da 'yan kwamitinsa, wannan kam ba sai an zauna a kansa ba. Ana gayyatar Kawu Ya'u musamman, an ware masa wuri kusa da mahaifiyarsa, domin ita ta ce a sa shi inda zai ji da kyau.

Inna Hajaratu ce za ta yi sharhi. Ta ce tun tana amarya take shirya shi, kuma ta san wanda ke cikin jirgin. Duk wanda yake ganin ba haka aka yi ba, ya zo da nasa faifan.